Wiwi ganye ne, amma yana kama mutum

A majalisun samari na unguwannin Nima da Maamobi a Accra an daɗe ana cewa wiwi ganye ne kawai, ba ya zama jaraba kamar hodar iblis. Wannan magana ba gaskiya ba ce. Zaƙami ma ai tsiro ne, kuma kowa ya san abin da yake yi wa hankali.

Sinadarin da ke bugarwa, THC, ya fi taruwa a furen macen shukar. Kusan mutum 1 cikin 10 na masu sha kan kamu da jarabarsa, kuma haɗarin ya fi yawa ga wanda ya fara tun yana ɗan makaranta. Ka dubi mai sha kullum da ya yi kwana biyu bai samu ba: barci ya ƙaurace, abinci ba ya shiga, abu kaɗan sai faɗa. Ciwo ne, yana buƙatar likita, gori ba ya warkar da shi.

Akwai magani a shukar, tabbas. A 2018 Amurka ta amince da maganin CBD, wani sinadarin wiwi da ba ya bugarwa, don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara, amma tataccen magani ne mai awo. Dokar Ghana ma lasisin noman irin da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba ta yarda da shi. Shan wiwi har yanzu laifi ne.