Kula da fata a Zariya

Kula da fata na nufin abubuwan da mutum ke yi kullum don tsabtace fatarsa, hana ta bushewa, da kare ta daga rana da ƙura. A Zariya yanayi ne ke jan ragamar wannan aiki. Garin yana kan tudu mai tsayin fiye da mita 600 daga teku. Damina kan kama daga wajen Mayu zuwa farkon Oktoba, hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sannan zafin bazara ya biyo baya a Maris da Afrilu. Fuskar da ke naso a Afrilu ita ce ke yin furu-furu a Janairu, don haka man da ya karɓi mutum a wani wata ba lalle ne ya karɓe shi a wani ba.

Tarihi

Man kaɗanya, wanda aka fi kira man kaɗe, yana cikin mafi daɗewar kayan shafa a ƙasar Hausa. Itaciyar kaɗanya tana tsirowa a dajin da ya miƙe daga Senegal har zuwa Sudan ta Kudu da Uganda, kuma takan shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya sosai. Tone-tonen da aka yi a Kirikongo, cikin ƙasar Burkina Faso, sun nuna ana sarrafa ƙwallonta tun wajen shekara ta 100 miladiyya. Mungo Park, ɗan yawon bincike daga Sikotilan, ya bayyana itaciyar bayan tafiyarsa ta 1795 zuwa 1797, har masana tsirrai suka daɗe suna kiran ta da suna mai ɗauke da nasa. Yau Najeriya na sahun gaba a duniya wajen samar da ƙwallon kaɗanya.

Aikin na mata ne. Da farkon damina ake tsintar 'ya'yan da suka faɗo, a cinye naman ko a bar shi ya ruɓe, a dafa ƙwallon a shanya, a fasa, a daka, a soya, a niƙa. Daga nan a yi ta cuɗa ƙullun da ruwa har man ya taso sama, a kwashe a dafa shi ya tsane. Man da aka samu ta wannan hanya yana da ɗan warin hayaƙi, kuma launinsa tsakanin fari da ruwan ɗorawa. Da hunturu yakan daskare ya yi tauri, sai an lakato an murza a tafin hannu, ko an ajiye gwangwanin kusa da murhu, kafin ya shafu. Ɗumin jiki kaɗai ya isa ya narkar da shi.

Akwai kuma man gyaɗa, da man shanu, da alayyadi da fatake ke kawowa daga kudu. Wajen wanka ana amfani da sabulun salo, wanda ake haɗawa daga ruwan toka da mai, da soson da ake samu daga busasshen ɗan wata yaɗo, da dutsen goge kaushi. Lalle ya haɗa ado da sanyaya tafin hannu da ƙafa, kwalli kuma na ido ne. Gwaje-gwaje a ƙasashe da dama sun gano dalma a cikin kwallin dutse, shi ya sa likitoci ke hana sa wa jarirai.

Dilka da halawa baƙi ne idan aka kwatanta da waɗannan. Asalinsu Sudan, kuma ana ganin ta Borno suka shigo, ta hannun Shuwa da Barebari, wataƙila har da alhazan da suka bi hanyar ƙasa zuwa Makka. Dilka cuɗaɗɗen gari ne da ake haɗawa da kurkur, kanumfari, turare da mai, a murje jiki da shi don ya ɗebe matacciyar fata. Halawa sukari ne da lemon tsami da ake dafawa har ya yi danƙo, ana cire gashi da shi. Da alama cikin 'yan shekarun baya-bayan nan ne suka zama jigon gyaran jikin amare a Zariya, har sana'ar ta samu masu ita a unguwanni.

Basilin ya zo ne daga Amurka, inda Robert Chesebrough ya yi masa rajista a 1872, bayan ya lura da wani maiƙo da ke taruwa a bakin rijiyoyin man fetur. Man Nivea ya fito a Jamus a 1911. Irin waɗannan kaya sun iso Arewa ta kantunan kamfanonin Turawa, bayan jirgin ƙasa ya ratsa Zariya zuwa Kano a wajen 1911 zuwa 1912, lokacin da Sabon Gari ya fara kafuwa. Har yau basilin bai kori man kaɗe ba, a gidaje da yawa ma haɗa su ake yi a kwano ɗaya.

Rabe-raben fata

Ana raba fata gida huɗu: mai maiƙo, busasshiya, mai haɗi, da matsakaiciya. Wasu kan ƙara ta biyar, mai saurin ƙaiƙayi ko zafi idan an shafa mata sabon abu. Ana yawan danganta wannan rabo da Helena Rubinstein, 'yar kasuwar kayan kwalliya ta farkon ƙarni na 20, wato daga kanti ya fito kafin ya shiga asibiti. Duk da haka yana da tushe, domin yawan maiƙon da fata ke fitarwa ya bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma yakan ƙaru lokacin balaga, ya ragu da tsufa.

Gwajin gida mai sauƙi ne. A wanke fuska, a tsane ta, a zauna kamar awa ɗaya ba a shafa komai ba, sannan a dafa farar takarda marar kauri a goshi, hanci da kumatu. Idan ta ɗauko maiƙo ko'ina, fatar mai maiƙo ce. Idan goshi da hanci kaɗai suka ɓata ta, mai haɗi ce. Idan takardar ta fito tsaf amma fuskar na ɗaurewa, busasshiya ce. Wanda ya yi gwajin a tsakiyar hunturu ya kamata ya sake shi da damina.

Likitoci na da wani ma'auni dabam da Thomas Fitzpatrick ya fito da shi a 1975, wanda daga baya ya kai mataki shida, gwargwadon yadda rana ke ƙona fata. Yawancin Hausawa suna mataki na biyar da na shida. Irin wannan fata ba ta cika ƙonewa ba, amma ƙurji kaɗan sai ya bar baƙin tabon da zai yi watanni.

Tsarin yau da kullum

Matakai uku ne: wankewa, shafa mai, da kariya daga rana. Wanke fuska da sabulu sau biyu a yini ya wadatar, safe da dare. Fata tana da ɗan tsami, wajen 5 a ma'aunin pH (ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 kuma kishiyarsa), sabulun wanka kuwa yakan kai 9 ko 10, kuma sabulun salo na cikin masu ƙarfi. Mai fata mai maiƙo kan jure shi, mai busasshiya kuwa gara ya nemi mai laushi ko ya rage yawan amfani. Alwala ba ta shiga wannan lissafi tunda ruwa ne zalla, sai dai da hunturu iska na busar da fuska da hannu nan take bayanta, ana iya ɗan sake shafa mai.

Lokacin shafa mai ya fi nau'in man muhimmanci. Basilin da man kaɗe ba sa ƙara wa fata ruwa, rufe wanda ke cikinta suke yi kada ya tsere, don haka a shafa su da ɗan damshin wanka a jiki. Busasshiyar fata tana son mai kauri. Mai maiƙo tana son mai ruwa-ruwa, irin wanda ke da gilisarin. Mai haɗi kuma a bai wa kumatu nasu, a sassauta wa goshi da hanci.

Man kariyar rana mai lambar ƙarfin kariya SPF 30 yana tare kusan kashi 97 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata. Ga mai baƙar fata, babban amfaninsa shi ne hana tabo ƙara duhu. Ga zabiya kuwa wajibi ne, tare da malafa da riga mai dogon hannu, saboda haɗarin sankarar fata.

Saman fata kan ɗauki kusan wata guda kafin ya sabunta, don haka ba a yanke wa sabon mai hukunci a mako ɗaya. Ana fara gwada shi a bayan kunne ko cikin damtse. Matse ƙuraje, da goga lemon tsami ko man goge baki a kansu, tabo suke ƙarawa.

Hunturu da bazara

Da hunturu fata kan yi fari har yara su rubuta sunansu da farce a ƙwauri. Leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso. Ruwan wanka mai tsananin zafi da dirzar soso suna ƙara ɓarna, ruwa mai ɗumi ya fi. Ga faso, a jiƙa ƙafa da dare, a goge kaushin a hankali, a cika shi da basilin a sa safa. Da bazara da damina matsalar takan koma ƙurajen zafi da ƙyasbi, sai a rage mai kauri.

Maza

Yawanci sabulu da basilin ne iyakarsu. Abin da ya fi damun su shi ne ƙurajen aski a haɓa da ƙeya.

Man bilicin

Mayukan sauya launi kan ƙunshi sinadarin haidirokwinon, ko zaiba, ko magungunan sitiroyid masu ƙarfi. Daɗewa a kansu na sa fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, zaiba kuma tana taɓa ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambaci a 2011 cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da su, adadin da wasu masana ke jayayya a kansa. A 2023 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi shi ma yana sa wa wasu kumburi da ƙuna.

Neman magani

Ƙurajen da suka ƙi ji, tabon da ke girma ko sauya kama, da ƙaiƙayin da ya kama mutanen gida ɗaya, duk na likita ne. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da likitocin fata. Mai juna biyu takan sanar da likita kafin a rubuta mata maganin ƙuraje, domin akwai waɗanda ke cutar da ɗan tayi.