Littafin sabon fitowa ne, amma abin da ke cikinsa fa?

Idan aka ce littafi sabo ne, me ya kamata mai saye ya fara dubawa?

Bayan shafin take, inda aka rubuta haƙƙin mallaka da ƙananan haruffa. A nan ake ganin shekarar bugun farko da shekarun da aka sake bugawa. Sake bugawa daban, bugun da aka yi wa gyara daban. A na farko rubutun bai canza ba, ƙaro kwafi kawai aka yi, lambar ISBN ɗinsa, wato lambar shaidar littafi ta duniya, ma tana nan yadda take. Bugun da aka yi wa gyara na gaske kuwa sabuwar lamba ake ba shi. Lambar tana da alƙaluma 13 tun daga 2007, tana farawa da 978 ko 979. Wasu maɗaba'u suna jera lambobi a ƙasan shafin, kamar 10 9 8 7 6 5 4. Mafi ƙanƙanta ita ce ke nuna karo na nawa aka buga. Daga nan sai a leƙa manazarta a ƙarshe. In littafin ya fito bana amma binciken da ya fi kusa a ciki ya shekara 12, to bango ne kawai sabo.

Wane fanni ne tsufan bayani ya fi yi wa illa?

Lafiya, nesa ba kusa ba, domin a nan kuskure yana taɓa rai. Littafin da ya ce babu allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ya tsaya ne kafin 2021, shekarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar RTS,S, sannan ta ƙara da wata mai suna R21 a 2023. Wanda ya yi bayanin gudawar yara ya tsaya a ruwan gishiri da sukari bai ambaci sinadarin zinc ba, ya rasa shawarar da aka bayar tun 2004 ta a riƙa haɗawa da shi.

Akwai kuma inda saɓani ba na tsufa ba ne, na ma'auni ne. A 2017 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka mayar da farkon hawan jini 130/80, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana kan 140/90. Marubuci nagari zai faɗi wanne ya bi. Wanda kuwa ya yi alƙawarin magani ɗaya mai warkar da ciwon sukari da daji da rashin haihuwa, a ajiye littafinsa, komai kyan takardarsa.

Littattafan wasanni ma suna tsufa haka?

Na tarihi da rayuwar 'yan wasa ba su cika tsufa ba. Na dokoki da horarwa su ne abin lura, saboda IFAB, hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa, tana sabunta su kusan kowace shekara. Na'urar VAR, mai taimaka wa alƙalin wasa da bidiyo, ta shiga dokokin a 2018. A 2019 aka daina tilasta ƙwallo ta fita daga yadi na 18 kafin ɗan baya ya taɓa ta idan an bugo daga gida, abin da ya sauya yadda ƙungiyoyi suke fara gina wasa. A 2022 aka tabbatar da canjin 'yan wasa biyar. Mai horar da yara da littafin da bai san waɗannan ba, tsohon wasa yake koya musu.

Ƙamus da littafin koyon harshe fa?

Waɗannan sun fi jure wa zamani. Har yau ana amfana da ƙamusun Hausa da Bargery ya wallafa a 1934. Gwajin sabon ƙamus mai sauƙi ne. A nemi kalmomi biyar da aka sani sarai, a ga ko ma'anar ta dace, ko an kawo misali a cikin jimla. A duba ko ana nuna tsawon wasali da karin sauti, domin in ba haka ba, mai koyo ba zai bambance garin da ake zama da garin da ake tuƙawa ba. Sannan a ga ko ƙ da ɗ da ɓ sun fito da lanƙwasarsu.

Littafin zamantakewa ya cika da alƙaluma. Yaya za a gane na kirki?

A tambayi kowane adadi abu uku: wa ya ƙirga, yaushe, mutum nawa aka tambaya. A kuma kula da ma'aunin. Bankin Duniya ya ɗaga mizanin matsanancin talauci daga dala 1.90 a rana zuwa 2.15 a 2022, sannan zuwa dala 3 a 2025. Marubucin da ya kwatanta adadin talakawa na shekaru biyu da mizani mabambanta zai iya nuna an samu ƙaruwa ko raguwar da ba ta faru ba. Galibi bayanin mizanin yana ƙarƙashin jadawali da ƙananan haruffa, can ya kamata ido ya fara sauka.