Gwajin jituwar lantarki da maganaɗisu a motoci masu tuƙa kansu

Gwajin jituwar lantarki da maganaɗisu, wanda injiniyoyi ke taƙaitawa da EMC, bincike ne da ake yi wa mota don tabbatar da abu biyu: kada igiyoyin lantarki da maganaɗisu da na'urorinta ke fitarwa a iska su dagula na'urorin wasu, kada kuma igiyoyin waje su dagula nata. Kwaramniyar da ke shiga rediyo idan tsohon kabu-kabu ya gifta a titunan Damagaram irin wannan katsalandan ce, daga tartsatsin fulogi take fitowa.

Ƙa'ida ta 10 ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan motoci ita ce jigo a Turai da Japan. Ƙa'idojin gwaji na duniya CISPR 12 da CISPR 25 sun shafi abin da mota ke fitarwa, ISO 11451 kuwa juriyarta ga igiyoyin waje. Ana shigar da motar wani ɗaki mai bangon ƙarfe da aka lulluɓe da soso mai tsini, mai shanye igiyoyi. Tayoyi na juyawa a kan ganguna masu juyawa ba tare da motar ta gusa ba, eriya na watsa mata igiyoyi masu ƙarfin volt 30 a kowace mita, ana duba ko birki, sitiyari ko totur za su saɓa.

Mota mai tuƙa kanta ta fi wuyar sha'ani, domin babu direban da zai karɓi sitiyari idan kwamfuta ta ruɗe. Radarta, wadda ke gano abin da ke gabanta, na aiki da igiyoyi masu mita tsakanin gigahaz 76 da 81. Siginar GPS kuma, mai saukowa daga nisan kilomita kusan 20,000, tana isowa a raunane ƙwarai, ƙaramin katsalandan ya isa ya danne ta. Ga wata matsalar: motar da ta ga bangon ɗakin gwaji a gabanta ba za ta motsa ba. Dole a yaudare ta. Wata na'ura na mayar wa radar amsa kamar akwai mota a gaba, ana ba ta GPS na ƙirƙira, ana nuna wa kyamara hoton hanya. Su ma kayan yaudarar sai an kare su daga igiyoyin gwajin, shi ya sa ake haɗa su da zaren gilashi mai ɗaukar saƙo da haske maimakon wayar tagulla.

Akwai kuma gwajin ISO 10605 na lantarkin da ke taruwa a jikin mutum, wanda kan kai volt 25,000. Busasshiyar iskar hunturun Zinder na ƙara irin wannan tartsatsi idan an taɓa ƙofar mota. Sakamakon gwajin duk ya tsaya ne a kan motar yadda ta fito daga masana'anta; fitila ko caja mai arha da aka ƙara a gareji ba ta cikin lissafi.