Waiwaye: Daga Ina Rigimar Manomi da Biri Ta Faro a Kwarin Binuwai?

Duk shekara, da zarar masara ta fara goyo a ƙauyukan da ke bin titin Garwa zuwa Ngaundere a arewacin Kamaru, sai maganar biri ta dawo majalisa, daga rumfar mai shayi har zaurukan WhatsApp. Wasu na cewa a sa guba kowa ya huta, tunda ɓarna halin gwaggon biri ce, hali kuwa zanen dutse. Wasu na cewa dabbar dawa ce, mu muka je muka same ta a gidanta. Masu maganar guba ba mugaye ba ne. Duk wanda ya taɓa ganin garke ya sauka gona da hantsi, kowane biri ya karya masara, ya gatsa sau biyu, ya yar, ya cika kumatu ya kama ta gaba, ya san irin zafin da ke cin mai gonar. A 2003 Robert Weladji da Martin Tchamba sun wallafa binciken da suka yi a kewayen gandun dajin Binuwai, inda kashi 86 cikin 100 na gidajen da suka tambaya suka ce namun daji sun yi musu ɓarna a gona. Gwaggon biri da jan biri na sahun gaba, tare da giwa da gadu da aku.

Tarihin wurin sananne ne. An keɓe dajin Binuwai a 1932, ya zama gandun ƙasa a 1968, shekara ɗaya da Waza da Buba Njida. Farin shekarun 1970 da na 1984 ya koro jama'a daga duwatsun Mandara da karkarar Marwa zuwa kudu, madatsar Lagdo ta kammala a 1982, auduga da masara suka yi ta matsawa har bakin daji.

Su ma masana sun daɗe suna yi wa gwaggon biri kallon azzalumi. A 1932 Solly Zuckerman ya yi rubutu kan wasu da aka cunkusa a gidan namun daji na Landan, maza kusan ɗari da mata 'yan ƙalilan, suka yi ta kashe juna, duniya ta ɗauka haka Allah ya yi su, har wasu suka ce haka ɗan Adam ma yake. Jane Goodall ta fara sauya kallon da ake yi wa birai daga 1960, da binciken birin cimfanzi a Gombe ta Tanzaniya. A 1979 Frans de Waal ya nuna cewa birin cimfanzi kan nemi sulhu bayan faɗa, wani na gefe ma ya zo ya rungumi wanda aka daka. Amma baƙin sunan gwaggon biri bai gushe ba.

Abin da ba a cika ambato ba ya faru ne a bakin wani juji a Kenya.

Tun 1978 Robert Sapolsky, wani Ba'amurke, yake bin wani garke a dajin Masai Mara, irin gwaggon birin nan namu na Binuwai da Waza da Zakuma. A farkon shekarun 1980 wani masaukin masu yawon buɗe ido da ke kusa ya faɗaɗa ramin zubar da sharar abincinsa. Wani garke na daban ya tare a can, yana kwana a bishiyoyin da ke saman ramin. Daga garken Sapolsky kuma wasu maza suka tsiri sammako zuwa jujin. Ba kowane namiji ke zuwa ba. Sai mai ƙarfin faɗa da mazan wancan garken, wanda kuma bai damu ya rasa zaman safe ba, lokacin da birai ke tsefe wa juna gashi suna cire kaska, wanda a wurinsu shi ne zumunci. Wato mafaɗata ne, marasa son jama'a.

A 1983 naman da ke ɗauke da tarin fuka na shanu ya shiga jujin. Zuwa 1986 yawancin garken jujin ya mutu, haka ma duk mazan da ke sammakon, kusan rabin manyan mazan garken Sapolsky. Aka bar mata da yawa da maza masu sanyin hali. Garken ya lafa, kuma wannan bai ba kowa mamaki ba.

Mamakin ya zo a 1993, da Sapolsky ya koma bin garken. Namijin gwaggon biri ba ya tsufa inda aka haife shi, idan ya balaga sai ya bar dangi ya shiga wani garke. Saboda haka a lokacin babu ko ɗaya cikin mazan da suka tsira daga annobar, duk baƙi ne da suka tashi a garkunan da duka da cizo suka zama ruwan dare. Duk da haka halin garken bai koma gidan jiya ba. Manya ba sa yawan huce haushi a kan na ƙasa da su ko a kan mata, ana zama kusa da juna, ana yawan tsifa, kuma gwajin jini ya nuna ƙananan mazan ba su cikin irin damuwar da takwarorinsu na wasu garkuna ke ciki. Shi da Lisa Share suka wallafa wannan a 2004. Bambancin da suka gani shi ne matan garken kan kusanci baƙo da wuri, su tsefe shi tun bai daɗe da zuwa ba, shi kuma a hankali ya saki jiki ya bi tsarin gidan.

Mu da da yawanmu a wannan kwari iyayenmu baƙi ne da wasu suka yi wa masauki, bai kamata wannan ya wuce mu ba. Aya ta 38 a Suratul An'am ta gaya mana dabbobi al'ummomi ne kamarmu, al'umma kuwa tana da tarbiyyar da ƙarami ke ɗauka wurin babba, baƙo ya ɗauka wurin ɗan gari.

Na san wani zai ce, to Malam, ai ka kawo hujjar guba da kanka, mafaɗata suka mutu aka samu lafiya. Ba haka ba ne. Cutar ta kusa shafe garken jujin baki ɗaya, mata da 'ya'ya, kuma gubar da ake sawa a gona ba ta tambayar hali, tana bi ta kan angulu da kura da karen gida. Ni abin da na fi tsayawa a kai shi ne jujin kansa. Abincinmu ne ya raba waɗancan birai da dawa, ya koya musu sabon hali tun kafin cuta ta zo. Mu ma muna da namu jujin. Direba ya rage gudu a inda titi ya bi gefen gandun, fasinja ya zuge gilashi ya jefa ayaba ko guntun burodi, yara su yi ta dariya, wani ya ɗauki hoto. Birin da ya saba wuni yana tonon saiwa da tsintar 'ya'yan itace ya gane cewa inda mutum yake nan ƙoshi yake, tsoro ya fita daga ransa. Yaron da aka hana zuwa makaranta don ya tsare gona da gwangwani da majajjawa shi ke biyan kuɗin wannan ayabar.

Shirley Strum ta ga irin haka a Gilgil ta Kenya, da aka yanka makiyayar da biranta ke kiwo aka mayar gonaki. Samarin maza ne suka fara shiga gona, kuma ba duka garken ya bi su ba, sai da ya rabu gida biyu, masu ɓarna da masu ci gaba da cin dawa. A 1984 ta kwashe garke 3 zuwa Laikipiya, ƙasa mai ƙarancin ruwa, inda suka rayu, suka koyi cin abincin wurin ta hanyar kallon biran da suka tarar.