Me ya sa ake raba zakaran dambe da kambunsa ba tare da an buge shi ba?

Duk lokacin da aka ji an naɗa sabon zakaran duniya a damben zamani ajin masu nauyi, alhali tsohon zakaran yana nan daram ba wanda ya kai shi ƙasa, sai jita-jita ta tashi. Wani ya ce ƙwaya aka kama shi da ita. Wani ya ce tsoro ya ji ya tsere. Wani kuma ya rantse cewa Turawan Ingila ne suka sayi kambun domin su ba ɗansu. Irin maganganun da aka yi ta yi ke nan a watan Yunin 2024, lokacin da Oleksandr Usyk ɗan Yukren ya saki kambun hukumar dambe ta IBF, makonni biyar da 'yan kwanaki bayan ya doke Tyson Fury a Riyad ya haɗa kambu huɗu a hannunsa. Haka aka sake yi a Nuwamban 2025 da ya saki na hukumar WBO aka ba Fabio Wardley ɗan Ingila. Usyk bai faɗi gwajin ƙwaya ba, ba a kuma hukunta shi kan wani laifi ba. Doka ce ta yi aikinta, kuma dokar a rubuce take tun kafin ya shigo ajin.

Tushen ruɗanin shi ne dambe ba shi da uwar hukuma guda kamar yadda ƙwallon ƙafa ke da FIFA. Manyan hukumomi huɗu ne: WBA wadda asalinta ya faro a 1921, da WBC ta 1963, da IBF ta 1983, da WBO ta 1988. Kowace da kambunta, da jerin 'yan dambenta, da wanda take kira zakaran duniya. Dokar da muke magana a kai ta hau kan duk mai riƙe da kambu, namiji ko mace, a kowane ajin nauyi.

Abin da dokar ta ce a taƙaice shi ne: zakara ba zai zauna yana zaɓar abokan karawa masu sauƙi ba. Cikin wani wa'adi, yawanci tsakanin wata 9 zuwa shekara guda, tilas ne ya kara da wanda hukumar ta tsayar a matsayin mai jiran gado, wato ɗan damben da ya hau saman jerinta ko ya ci wasan tankaɗe da rairaya. Hukumar za ta ba ɓangarorin biyu lokaci su daidaita kan kuɗi da wuri. In sun kasa, sai a yi gwanjon wasan, mai shirya wasa da ya taya mafi tsada shi zai ɗauka. In zakaran ya ƙi, hukuncin ɗaya ne: a tuɓe masa kambun. Ba tara, ba ɗauri, ba a hana shi dambe, ba a kuma rubuta masa faɗuwa a tarihinsa. Sauran kambunan da yake riƙe da su ma suna nan, domin hukuma ba ta da iko sai a kan nata.

Inda mutane suka fi rikicewa shi ne batun sharaɗin sake karawa. Manyan wasanni yawanci ana sa hannu a kansu da sharaɗin cewa wanda ya sha kaye yana da damar neman a sake karawa nan take. Wannan alkawari ne tsakanin 'yan damben da masu shirya wasa, kuma kotu na iya tilasta shi. Amma hukuma ba ta cikin alkawarin, IBF kuwa ba ta yarda irin wannan sharaɗi ya shiga gaban mai jiran gadonta ba. To sai zakara ya tsinci kansa gaba kura baya sayaki: in ya bi hukuma ya karya kwantiragi, a maka shi kotu, ya kuma yi asarar wasan da ya fi kawo kuɗi, in ya cika kwantiragi, kambu ya tafi.

Wannan ne ya sami Fury da kansa. A ranar 28 ga Nuwamban 2015 ya doke Wladimir Klitschko a Jamus, ya kawo ƙarshen mulkin da ya kusa shekara goma. Kwana goma bayan haka IBF ta tuɓe shi, saboda kwantiraginsa ya ɗaure shi da sake karawa da Klitschko, ba zai iya fuskantar Vyacheslav Glazkov da hukumar ta tsayar ba. Kambun da ya zama ba mai shi, Charles Martin ya ɗauka a Janairun 2016 bayan Glazkov ya ji rauni a gwiwa, sai Anthony Joshua ya buge Martin a turmi na biyu a watan Afrilu. Masoyan Joshua, musamman a Najeriya inda asalinsa yake a Shagamu, ya kamata su riƙe wannan: ta wannan dokar ce ya sami kambun duniya na farko. Wanda ya yi murna a 2016 ba shi da bakin cewa zamba aka yi a 2024.

Kuma abin da ya faru a 2024 kusan maimaici ne. Filip Hrgovic ɗan Kuroshiya ya zama mai jiran gadon IBF tun Agustan 2022, ya yi ta jira har kusan shekara biyu, ana ɗaga wa Usyk ƙafa domin a samu a haɗa kambunan wuri guda. Da Usyk ya ci Fury ranar 18 ga Mayu, sharaɗin sake karawa ya ɗaure shi. Hukumar ta sa kambun riƙon ƙwarya a wasan Hrgovic da Daniel Dubois ɗan Ingila ranar 1 ga Yuni, Dubois ya ci. Usyk bai jira a tuɓe shi ba, ya ajiye da kansa, sai aka ɗaga Dubois ya zama cikakken zakara ba tare da ya sake jefa naushi ko ɗaya ba. A idon doka ajiyewa da tuɓewa sakamakonsu ɗaya ne, bambancin kawai mutunci.

Naɗin zakara a ofis ba sabon abu ba ne. A 1978 WBC ta tuɓe Leon Spinks saboda ya zaɓi sake karawa da Muhammad Ali, ta miƙa kambun ga Ken Norton. A 1992 Riddick Bowe ya jefa kambun WBC cikin kwandon shara a gaban 'yan jarida a Landan maimakon ya kara da Lennox Lewis. Shi ma Lewis, da ya haɗa kambuna a Nuwamban 1999, bai yi wata shida ba ya rasa na WBA kan batun John Ruiz, mai jiran gadon hukumar. Masu cewa ai haka aka yi wa Ali a 1967 sun haɗa abin da bai haɗu ba: shi tuɓe shi aka yi saboda ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam, aka kuma hana shi lasisin dambe sama da shekara uku. Wancan hukunci ne na siyasa, wannan kuwa rikicin jadawali ne.

Me ya sa IBF ta fi sauran tsanani? Tana da tarihin da ya sa ta. A ƙarshen shekarun 1990 an gurfanar da shugabanta na farko, Robert Lee, kan zargin karɓar na goro domin ɗaga 'yan dambe a jeri, kuma a 2000 kotun Amurka ta same shi da laifukan da suka shafi kuɗi da haraji. An sa hukumar ƙarƙashin sa idon kotu na wasu shekaru. Tun daga nan take bin takardarta sau da ƙafa, ko da kuwa hakan zai ɓata wa duniya rai.

A ganina manufar dokar mai kyau ce, kuma ba don ita ba da 'yan dambe da yawa marasa uwa a gindin murhu sun tsufa suna jira. Samuel Peter ɗan Akwa Ibom sai da ya ci wasan tankaɗe da rairaya, ya riƙe kambun riƙon ƙwarya na WBC, kafin ya sami zakaran, Oleg Maskaev, ya buge shi a Maris 2008 a Meziko. Mai haɗari irinsa, zakara ba ya zaɓarsa da son ransa. Hrgovic ma yana da haƙƙi. Shekara biyu a rayuwar ɗan dambe ba wasa ba ce. Amma dokar an tsara ta ne kamar kowane zakara kambu ɗaya yake riƙe da shi. Mai kambu huɗu yana da masu jiran gado huɗu, shi kuwa babban ɗan dambe a wannan aji da wuya ya wuce wasa biyu a shekara. Ko da hukumomin sun bi layi ɗaya bayan ɗaya, lissafin ba zai fita ba. Wato wanda ya yi abin da ya fi wuya, ya doke kowa, shi ne dokar ta fi saurin cizo. Ga kuma abin da ke sa mutum zargi ko da ba a yi zamba ba: kowace hukuma tana yankar kaso, kusan 3 cikin 100, daga kuɗin 'yan damben a duk wasan kambunta. Kambun da ke yawo ya fi kawo mata kuɗi a kan wanda ke ajiye a gidan mutum ɗaya. Laifin bai tsaya kan hukumomi ba, masu shirya wasa da ke cusa sharaɗin sake karawa a kowane kwantiragi su ma suna da nasu kaso.

To wa ye zakaran gaskiya? Doka ba ta amsa wannan tambaya, ita dai tana faɗin wa ke riƙe da kambun wace hukuma. Masu bin dambe tun da daɗewa suna da wani ma'auni daban: zakara shi ne wanda ya doke zakara a fili, kuma ba ya sauka sai an buge shi ko ya yi ritaya. A kan wannan ma'auni, wasan da aka yi a filin Wembley na Landan ranar 21 ga Satumban 2024, inda Dubois ya kai Joshua ƙasa a turmi na biyar, wasan kambun IBF ne na halak, amma tsakanin mutum biyu ne da Usyk ya riga ya doke: Joshua sau biyu, a 2021 da 2022, Dubois kuma a Agustan 2023 a Folan. Usyk ya cika kwantiraginsa ya sake cin Fury ranar 21 ga Disamban 2024, sannan ya koma wa Dubois a Wembley ranar 19 ga Yulin 2025, ya buge shi a turmi na biyar, ya karɓi kambun da ya ajiye wata 13 da suka wuce.