Mene ne atisayen madadi ga mai gudun da ya ji rauni?

Atisayen madadi, wanda masu horar da 'yan wasa ke kira kuros-tirenin, shi ne mai gudu ya koma wani motsa jikin da zai wahalar da zuciya da huhu kamar yadda gudu ke yi, amma ba tare da buga ƙafa a ƙasa ba. Tuƙa keke, ninƙaya, na'urar tuƙin kwale-kwale da gudu cikin ruwa duk suna ciki.

Ga dalilinsa. Duk taku guda a guje, ƙafa na ɗaukar nauyin jiki ninki 2 zuwa 3. Wannan bugun da ake ta maimaitawa ne ke jawo ciwon ƙwauri, kumburin agara, ciwon dunduniya da tsagewar ƙashi. Likita ya ce a dakata, to, amma jiki ba ya jira. Cikin 'yan kwanaki ruwan jini ke raguwa, bayan mako 2 ko 3 na zaman banza kuma numfashi ya fara gazawa. Tsagewar ƙashi kuwa takan ci mako 6 zuwa 8 kafin ta haɗe.

Gudu cikin ruwa ne ya fi kusa da gudun gaske. Mutum ya ɗaura bel mai hana nutsewa a ƙugu, ya shiga inda ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, ya miƙe ƙyam yana ɗaga gwiwa yana kaɗa hannu. Abin dariya ne ga mai kallo, ga gundura, amma ƙwararrun 'yan gudu kan riƙe ƙarfinsu na wajen mako 6 da shi kaɗai. Bugun zuciya a ruwa yakan yi ƙasa da na tudu da kamar 10 a minti, don haka a auna da gajiyar da ake ji, kada a biye wa agogon auna bugun zuciya. Inda babu wurin ninƙaya, keke ya wadatar.

Joan Benoit ta Amurka an yi mata tiyata a gwiwa saura kwana 17 a yi tseren zaɓen masu zuwa gasar Olamfik ta 1984. Da keken motsa jiki ta riƙe numfashinta a kwanakin jinya. Ta lashe tseren, ta kuma ɗauki zinare a gudun famfalaƙin mata na farko a tarihin Olamfik, a Los Angeles.

Sai dai ba kowane madadi ne ya dace da kowane ciwo ba. Keke na iya tsananta ciwon gaban gwiwa in sirdin ya yi ƙasa, ninƙayar kwaɗo ma ba ta raga wa gwiwa. Ka'idar likitocin fisiyo, wato masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, mai sauƙi ce: in ciwon ya ƙaru yayin atisayen ko ya wayi gari da zafi, a canza.

A ganina ranar dawowa ta fi komai haɗari. Madadi yana riƙe zuciya, amma ƙashi da jijiya sun manta da bugu, kuma sun fi tsoka jinkirin sabawa. Mutum ya fito yana jin kamar zai tashi sama, ya zuba kilomita 10 a ranar farko, ciwon ya dawo sabo. Shi ya sa ake farawa da minti 1 a guje, minti 2 ko fiye a tafe, ana tsallake rana guda tsakani, sauran ranakun kuma a ci gaba da keke ko ruwa har ƙafar ta karɓa.