Ruwan Asid Daga Ramukan Ma'adinai: Me Yake Yi wa Rafi da Halittunsa?

Daga ina asid ke fitowa, tunda ba wanda ya zuba shi?

Daga cikin dutsen kansa. A wuraren da ake haƙar kwal, zinariya ko jan ƙarfe, akan sami wani ma'adini mai sheƙi da ake kira fayirait, haɗin baƙin ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne, ba ya cutar da kowa. Da zarar an fasa dutsen, iska da ruwa suka taɓa shi, sai ya fara haifar da asid mai ƙarfi, irin na batirin mota. Akwai kuma wasu ƙwayoyin bakteriya, Acidithiobacillus ferrooxidans, da ke rayuwa cikin wannan tsamin suna ƙara wa aikin sauri. Asid ɗin ba ya tafiya shi kaɗai: yana narkar da baƙin ƙarfe, alminiyom, jan ƙarfe da kadmiyom daga duwatsun da ya ratsa, ya kwashe su zuwa rafi.

Yaya ake gane rafin da abin ya shafa?

Sau da yawa ido ma ya isa. Duwatsun gindin rafin sun yi ja kamar tsatsa, idan ka shafa sai laka mai santsi ta manne maka a yatsa. Wannan baƙin ƙarfe ne da ya fita daga ruwan ya kwanta. Inda ruwan tsamin ya haɗu da mai kyau, wani lokaci sai a ga fari-fari kamar an zuba madara, alminiyom ke nan. Kogin Rio Tinto na Spaniya, inda aka shafe dubban shekaru ana haƙa, ja wur yake, a ma'aunin tsami da ake kira pH kuwa kusan 2 yake, alhali rafi mai lafiya yana tsakanin 6.5 da 8.5. Kowane mataki guda da aka sauka ƙasa a wannan ma'auni, tsamin ya ninka sau goma ke nan.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwan da ya yi garau. Idan tsamin ya yi yawa, ƙarafan na zama a narke, ruwan ya fito tas har kana hango yashin ƙasa, amma babu mai rai a ciki.

Me ya sa masana ke damuwa da tsutsotsi, ba kifi kawai ba?

Domin kifi na iya gudu, su kuwa ba su da inda za su. Ɗaga dutse a rafi mai lafiya ka juya shi: za ka ga 'ya'yan ƙwari suna rarrafe, wasu sun gina wa kansu ɗan kwanso da tsakuwa, ga ƙananan katantanwa a maƙale. Su ke cinye ganyen da ya faɗo cikin ruwa, su ne kuma abincin kifi, kwaɗi da tsuntsaye.

Asid na kai musu hari ta ko'ina. Yana hana jikinsu riƙe gishirin da suke buƙata, ƙarafan na toshe musu gaɓoɓin numfashi, lakar tsatsar kuma ta cike ramukan da suke ɓuya, ta rufe gansakukar da suke kiwo. Katantanwa ba ta iya yin kwanso a ruwa mai tsami. 'Ya'yan ƙwarin da ake kira Ephemeroptera na cikin masu fara ɓacewa, daga ƙarshe sai a bar rafin da 'yan nau'o'i masu taurin rai, irin tsutsotsin dangin Chironomidae. Kwalbar ruwan da aka kai ɗakin gwaji labarin ranar da aka ɗebo ta kawai take bayarwa. Waɗannan halittu kuwa shaidar watanni suke ɗauke da ita.

Idan an rufe mahaƙar, ba shi ke nan ba?

Ina! Galibi a nan matsalar ke tsananta, domin an kashe famfunan da ke janye ruwa, ramin ya cika ya tumbatsa. Haka ta faru a mahaƙar Wheal Jane ta Ingila a 1992, da kuma tsoffin mahaƙun zinariya kusa da Krugersdorp a Afirka ta Kudu a 2002. A watan Agustan 2015, kimanin lita miliyan 11 ta ɓalle daga mahaƙar Gold King a jihar Kolorado ta Amurka, kogin Animas ya koma ruwan ɗorawa. A Najeriya ma, masu bincike sun gano irin wannan ruwa yana fita daga tsoffin ramukan kwal na Enugu zuwa kogin Ekulu.

Ana iya gyarawa?

Ana iya ragewa. Akan zuba farar ƙasa ta kashe tsamin, ko a bi da ruwan ta cikin fadamar da aka gina musamman, ƙarafan su kwanta kafin ya isa rafi. Sai dai aiki ne na shekaru, mai cin kuɗi, kuma ko ruwan ya gyaru, ƙwarin ba sa dawowa sai lakar ta wanke, kuma akwai rafi mai lafiya a kusa da za su ƙauro daga cikinsa. Shi ya sa a ganina bai kamata a ba kamfani lasisin haƙa ba sai an gwada dutsen, an kuma karɓi kuɗin kula da ramin bayan tafiyarsa.